Mayar da hoto mai kala zuwa baƙi da fari: me ke faruwa a cikinsa, kuma me ya sa na wani ke fin na wani kyau?

A Garwa ko Marwa, da zarar mutum ya ɗora hoton ɗan'uwansa baƙi da fari a WhatsApp, kafin ya ajiye wayar an fara kiransa: "Lafiya dai? Rasuwa aka yi?" A gefe guda kuma masu ɗaukar hoton biki sun ɗauki salon da zafi, kusan kowane kundin aure yanzu sai an ga shafi biyu ko uku babu kala, har iyayen amarya su yi ƙorafin cewa an zubar musu da kuɗin anko. Ƙarƙashin duk wannan cece-kuce akwai wata fahimta da kusan kowa ya ɗauka, wato mayar da hoto baƙi da fari cire kala ne kawai, a danna maɓalli ɗaya a wuce. To in haka ne, me ya sa mutum biyu za su ɗauki hoto ɗaya, na wannan ya fito da rai, na wancan ya fito dishi-dishi kamar an jiƙa shi a ruwan toka?

Mene ne "baƙi da fari" tukuna

Sunan kansa yana ruɗarwa. Hoton da muke kira baƙi da fari ba launi biyu ba ne. A fayil na yau da kullum, irin JPEG ɗin da waya ke ajiyewa, akwai matakai 256 na haske: 0 shi ne baƙi ƙirin, 255 fari fat, sauran 254 duk toka-toka ne, wani ya fi wani duhu. Wanda yake launi biyu na gaskiya shi ne irin abin da tsohon injin fotokofi ke yi wa hoton 4x4, fuska ta koma dunƙulen tawada, ba hanci ba ido.

Shi kuma hoto mai kala, kowane ɗigo a cikinsa lambobi uku yake ɗauke da su: nawa ne ja, nawa ne kore, nawa ne shuɗi. Kyamara ma ba ta ganin kala da kanta. Farantin da ke karɓar haske a cikinta yawan haske kawai yake aunawa, sai aka lulluɓe shi da ƙananan matatai masu launi, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya fito da wannan tsari, aka yi masa rajista a 1976, kuma har yau shi ne a cikin mafi yawan wayoyi da kyamarori.

Aikin mayarwa ke nan: a ɗauki lambobi uku a mayar da su lamba ɗaya. Tunda uku za su koma ɗaya, dole wani ya yanke nawa za a ɗebo daga kowanne. In kai ba ka yanke ba, manhajar ta yanke maka.

Gwajin tuta

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce a gwada da tutar Kamaru, kore da ja da rawaya, da tauraro rawaya a tsakiyar jan.

Akwai lissafin da aka gada daga talabijin, wanda ke kwaikwayon yadda idon mutum ke jin haske: kashi 29.9 cikin 100 daga ja, 58.7 daga kore, 11.4 daga shuɗi. Kore ya kwashi kaso mafi tsoka saboda ido ya fi jin haskensa. Akwai kuma na baya-bayan nan da ya zo da talabijin mai kaifin hoto, ja 21, kore 72, shuɗi 7. In aka bi na farkon da launukan tutar kamar yadda aka saba zana su a kwamfuta, kore zai ba da kusan 82, ja kusan 76, rawaya kusan 200. Tauraron ya fito tar, amma kore da ja sun zama abu ɗaya, sai ka rantse tutar gida biyu ce.

Yanzu a gwada umarnin da ake kira Désaturation a Photoshop na Faransanci, wanda shi ne a yawancin shagunan hotonmu. Shi lissafinsa daban ne, yana ɗaukar lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta cikin ukun ya raba biyu. Kore zai ba da kusan 61, ja 111, rawaya 137. Kore da ja sun rabu, amma tauraron ya kusa nutsewa cikin jan. A wannan lissafi, rawaya tsantsa da shuɗi tsantsa toka iri ɗaya suke bayarwa, alhali ko yaro ya san rawaya ta fi haske.

Tuta ɗaya, hanya biyu, kowacce ta ɓata wani abu. Abin da ke faruwa da atamfar da aka yi wa zanen jajayen furanni a kan kore ke nan: a ido tana ɗaukar hankali, a baƙi da fari sai ta koma kamar yadin makaranta.

Hanyoyin da ake bi, da wadda ta fi

Hanya mafi rauni ita ce sauya fayil gaba ɗaya zuwa Niveaux de gris, wato tsarin matakan toka zalla. Tana zubar da bayanin kala nan take, ba ta tambaye ka komai ba, kuma in ka ajiye a kan fayil ɗin asali shi ke nan. Désaturation na biye da ita, mun ga abin da take yi.

Ta uku ita ce Mélangeur de couches. A nan za ka sa alama a akwatin Monochrome, sai ka raba kason ja da kore da shuɗi da hannunka. Ƙa'idar ita ce jimillar ukun ta tsaya kusa da 100. In ta haura sosai farare su ƙone, in ta gaza hoton ya dushe. Manhajar GIMP, wadda kyauta ce, tana da irin wannan mahaɗi.

Ta huɗu, wadda muke ganin ta fi dacewa da yawancin aiki, ita ce Noir et blanc da ta shigo Photoshop a 2007. Tana da ma'auni shida, kuma tana buɗewa a kan ja 40, rawaya 60, kore 40, shuɗi mai haske 60, shuɗi 20, jan-hoda 80. Manhajar Lightroom na da takwas, har da na ruwan lemo, wanda shi ne mafi muhimmanci ga hoton mutane. Kowane ma'auni ka ja shi dama, duk abin da ke da wannan launi a hoton asali ya yi haske. Ka ja shi hagu ya yi duhu. Da haka za ka ɗaga jan furen atamfar nan ka sauke koren, zanen ya dawo.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. A Snapseed, cikin kayan aikin baƙi da fari akwai zaɓin matatar launi: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi. Wannan gado ne daga zamanin fim, lokacin da mai hoto ke ɗaura gilashi mai launi a bakin kyamara. Dokar ba ta canza ba: matata tana haskaka launinta, tana duhunta kishiyarsa. Rawaya tana ɗan duhunta sararin sama, ruwan lemo ya fi ta, ja kuwa yana iya mayar da shuɗin sama kusan baƙi har gajimare su fito kamar auduga. Mai ɗaukar duwatsun Rumsiki da damina wannan ce abokiyar aikinsa.

Fata, lalle da farar riga

A nan ne aikin ya fi wuya, a nan kuma aka fi yin ɓarna.

Fatar ɗan Adam, baƙa ce ko fara, a lissafin kyamara tana zaune ne tsakanin ja da ruwan lemo. A ɗauki misalin ɗigo ɗaya a kuncin mutum mai duhun fata: ja 120, kore 80, shuɗi 60. Lissafin talabijin zai ba shi kusan 90. In aka ɗebi ja kaɗai zai zama 120, fuskar ta yi haske ta yi santsi, tabo da ƙuraje su ɓuya. In aka ɗebi shuɗi kaɗai zai faɗo 60, fuskar ta yi duhu, kowane rami da kowace tamoji su fito. Don haka hoton dattijo mai furfura da ake son a ga shekaru a fuskarsa yana karɓar ƙarin kore da ɗan shuɗi. Hoton amarya kuwa yana son ƙarin ja, misali ja 50, kore 40, shuɗi 10.

Sai dai akwai iyaka, kuma da yawa suna tsallake ta. In aka ja ma'aunin ruwan lemo can ƙarshe, fuska za ta yi fari fes kamar an shafa mata alli, leɓe ya ɓace cikin fata, kuma wuya da hannun da ke inuwa su ƙi bin fuskar. Wasu masu shago suna yin haka da gangan don an san akwai kwastomomi masu son a "haska" su. A ganinmu wannan ba gyara ba ne. Kyan baƙar fata a irin wannan hoto yana cikin ƙyallin da ke sauka a goshi da ƙashin kunci da karan hanci, a kan fata mai zurfin duhu. In an ɗaga komai ya yi haske ɗaya, wannan ƙyalli ya tafi.

Lalle ya fi kowa shan wahala. Baƙin lalle ba ya da matsala, baƙi ne ko ta wace hanya. Amma jan lalle launinsa ɗaya da fata a idon manhaja, ya fi ta zurfi kawai. A ce tafin hannu yana da ja 190 da kore 140, lallen kuma ja 150 da kore 60. Ta ɓangaren ja tazarar 40 ce kacal, ta ɓangaren kore 80. Ma'ana duk gyaran da ya yi wa fuskar amarya kyau, shi ne ke goge zanen da aka kwana ana yi mata a hannu. Maganin shi ne a yi gyara biyu a shimfiɗa biyu, wato kwafin hoton biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya a cikin manhajar, ɗaya ta fuska mai rinjayen ja, ɗaya ta hannu mai rinjayen kore, sannan a goge kowacce daga inda ba ta da aiki. In a waya ake, a zaɓi matatar kore ga hoton hannu, a bar ta ruwan lemo ga hoton fuska.

Sai farar babbar riga mai farin aiki. Wannan tun a wajen ɗauka ake cin nasara ko a faɗi. Da tsakar rana, ranar hawan salla a ƙofar fadar Lamiɗo, kyamara tana ƙoƙarin haska fuskar mahayi sai ta ƙone rigar. Duk wurin da ya kai 255 a launukan uku babu sauran bayani a cikinsa, ba manhajar da za ta dawo da zaren aikin. A rage hasken kyamara da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki, wato -0.3 ko -0.7, a ɗaga fuskar daga baya. Ya fi sauƙi a ciro abu daga inuwa a kan a ciro shi daga farin da ya ƙone.

Jerin aikin daga farko

Abu na farko, a kwafi fayil, a yi aiki a kan kwafin. Na biyu, wanda mutane ke tsallakewa, a gyara hoton yana mai kalarsa tukuna. In an ɗauke shi ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya, komai na cikinsa ya rine da rawaya, ma'aunan launi ba za su iya bambance riga da bango ba. A daidaita farin, a daidaita haske, sannan a mayar.

Bayan an daidaita ma'aunan launi sai a duba jadawalin haske, wannan zanen mai kama da tudu da ke nuna inda ɗigogin hoton suka taru. Hoton da ya yi dishi-dishi za ka ga tudun ya taru a tsakiya, gefe biyu fayau. A Niveaux, wato wurin daidaita matakan haske a Photoshop, a jawo alamar baƙi daga hagu zuwa inda tudun ya fara, a jawo ta fari daga dama haka nan. Wannan kaɗai yana gyara rabin hotunan hunturu, lokacin da ƙura ke rufe gadar Binuwai har sama da ruwa su zama launi ɗaya. Amma kada a matsa da yawa, domin wani lokacin hazon shi ne hoton.

Daga nan sai Courbes, wato layin da ake lanƙwasawa don sauya haske da duhun hoto: a ɗan sauke layin a ɓangaren duhu, a ɗan ɗaga shi a ɓangaren haske, ya yi lanƙwasa mai laushi. Ga hoton mai duhun fata a kula, don fuskar tana zaune ne daidai inda ake saukewa. A kafa alama a kan layin daidai matakin fuskar ta riƙe ta, a sauke abin da ke ƙasa da ita. Sannan a bi da buroshi mai taushi, ƙarfinsa kashi 5 zuwa 10, a ɗan haska ido da fuska, a ɗan duhunta bangon da ke jan hankali. Ƙara kaifi shi ne na ƙarshe, bayan an yanke girman da za a fitar.

Abin da ke lalacewa, da dalilinsa

In ka sauke shuɗi da ƙarfi don sama ta yi duhu, sau da yawa za ka ga farin layi ya bi gefen bishiya ko hasumiyar masallaci, saman kuma ta yi dabbare-dabbare. Dalilin yana cikin yadda JPEG ke tattalin wuri. Yana ajiye bayanin haske cikakke, amma bayanin kala galibi yana rage shi zuwa rubu'i, ya kuma sarrafa hoton a ƙananan murabba'ai na ɗigo 8 sau 8. Muddin hoton na da kala ido ba ya lura. Da ka ce kalar ce za ta yanke haske, sai ɓoyayyen aibin ya fito fili. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu ko uku ya fi muni, don kowane turawa na iya sake matse shi. Mai kai hoto shago ya tura shi a matsayin Document, ko ya kai shi a katin ajiya.

Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen bayanin da kyamara ta ɗauka kafin a matse shi ya zama JPEG, shi ne mafita ga mai kyamara. Maimakon matakai 256 yana riƙe 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar, don haka yana jure ja da murɗa. Akwai wata dabara kuma: in ka sa kyamara a yanayin baƙi da fari kana ɗaukar RAW, allon zai nuna maka hoton babu kala, amma kalar tana nan cikin fayil. In JPEG kaɗai kake ɗauka, ta tafi har abada. Manhajojin da ke "dawo da kala" kintace suke yi. Ba su san ko shaddar mahaifinka ruwan toka ce ko shuɗiya ba.

Hoton dare da ke cike da ɗige-ɗigen kala yakan ɗan samu sauƙi a baƙi da fari, don ɗigen sun koma kamar tsakin fim. Wannan gaskiya ce. Amma hoton da ya girgiza, ko wanda kaifinsa ya sauka a bango maimakon ido, haka zai zauna. Haka zancen cewa cire kala na rage cin data sosai: ragin kaɗan ne, tunda dama kalar ba ita ce ta cika fayil ɗin ba.

Akwai kyamarori da aka ƙera ba tare da matatan launi ba sam, irin Leica M Monochrom ta 2012. Suna ba da kaifi da tsabta, amma mai su ya rasa duk ma'aunan da muka lissafa, sai ya koma ɗaura gilashi a bakin kyamara kamar mutanen da.

Wajen wankewa

Mutum ya gama gyara, ya kai wanki, hoton ya dawo da ɗan kore-kore ko ja-ja. Ba lallai laifin fayil ba ne. Injinan wanki na shaguna takardar hoto mai kala suke amfani da ita, kuma tokar da suke fitarwa haɗin rini uku ce. In ɗaya ya ɗan rinjaya, a hoto mai kala ba a gani, a baƙi da fari kuwa ido na kamawa nan da nan. Firinta mai tawada huɗu ma haka take, wani lokacin hoton ya yi daidai a hasken rana ya koma wani launi ƙarƙashin fitila. Firintocin da ke da tawadar toka ta musamman su ne ba su da wannan ciwo.

Dabarar da ke aiki ita ce a sa wa hoton ɗan launin ƙasa-ƙasa da gangan, kaɗan ƙwarai, yadda ko injin ya karkata ba zai faɗa kore ba. A ajiye fayil ɗin a sRGB, wato tsarin kala na yau da kullum, don wasu injinan ba sa karanta Niveaux de gris daidai. A fara wanke ƙarami na santimita 10x15 a gani kafin a biya kuɗin babba. Ƙaramin yana son kusan ɗigo 1,200 sau 1,800, girman A4 kuwa 2,480 sau 3,508. Kuma takarda ba ta da fitila a bayanta kamar waya, don haka abin da ya yi daidai a allo mai cikakken haske zai fito da duhu. A rage hasken allon zuwa rabi kafin a yanke hukunci.

Masu so, masu ƙi, da inda bai dace ba

Masu son salon suna cewa yana kawar da hayaniya. Kujerun roba ja da shuɗi, bokitin da aka manta a bayan ango, allon tallan kamfanin waya, duk sai su lafa, ido ya tafi kan fuska. Suna kuma kafa hujja da manyan masu hoton Afirka irin Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, waɗanda aikinsu baƙi da fari ne kuma atamfa ta yi magana a cikinsa. Gaskiya ne, sai dai su tun kafin su danna kyamara sun san babu kala, da wannan suka zaɓi labulen bango da wurin tsayuwa.

Masu ƙi su ma da hujjarsu. A bikinmu kala labari ce: ankon dangin uwa daban, na ƙawaye daban, lafayar da aka yo oda daga Injamena an zaɓe ta ne don launinta. Mai hoton da ya miƙa hoton dangi baƙi da fari kaɗai ya rage musu wani abu da suka biya. Hanyar da ta fi raba gardama ita ce a ba da duka biyun, kuma a faɗi haka tun ranar ciniki.

Akwai wuraren da ba a ma shawara. Hoton biza na ƙasashen Turai da Amurka mai kala ake nema. Mai sayar da atamfa ko turmin shadda ta waya ba shi da abin yi da wannan salo. Amma wanda zai buga takardar gayyata ko sanarwa a injin fotokofi, shi ya fi kowa buƙatar ya mayar da hoton da kansa tun a gida, ya ɗan haska fuskar fiye da yadda zai so a allo, ya sassauta duhun inuwa, domin injin zai ƙara nasa baƙin a kai. Wanda kuma zai ɗora hoton mahaifiyarsa baƙi da fari a WhatsApp, ya rubuta "Hajiya tana nan lafiya" a ƙasansa kafin ya tura.